Yatsu Biyar a Kumatuna

Kasuwar 'Yan Lemo da ke Na'ibawa, kan hanyar Zariya, ba wurin da mutum zai shiga da sabon albashi a aljihu ba ne. Kankana ɗaya aka aike ni in sayo. Na tarar ana sauke wata mota da aka ce daga Binuwai ta kwano, ga wani dillali tsaye a kan rabin buhun lemun tsami da ya fara nuna, yana neman wanda zai jibga wa. Yana hango ni ya ce, "Alhaji, rabonka ne ya tsaga." Ni da iyakata da aikin Hajji rakiya zuwa filin jirgin Malam Aminu Kano, sai na ji kaina ya yi girma. Ya faɗi kuɗin da bai kai na kankana biyu ba. Na biya, aka ɗaure mini a bayan babur, kankanar kuwa sai da na iso ƙofar gida na tuna da ita.

Uwargida ta leƙa buhun, ta dube ni, ta ce, "Malam, sana'a za mu fara?" Ba ta ƙara ba. Ta ɗebi abin da za ta ɗiba, kuma a gaskiya duk inda ta sa shi ya yi aiki. Ta wanke kifi da shi, ƙarni ya gudu. Butar shayin da ruwan burtsatse ya yi wa farin ɓawo a ciki ta tafasa ta da ruwan lemo, ɓawon ya saki. Tabon tsatsa a farar shaddata ta matsa masa lemo da gishiri ta shanya, ya dushe. Ta ɗiga a zoɓo ya ƙara ja. Ƙanwarta ta zo ta kwashi nata don dafa halawa, wadda masu gyaran jikin amare ke haɗawa da sukari da lemun tsami, irin ta mutanen Maiduguri da Sudan. Duk wannan hidima ba ta ci mudu guda ba. Saura na jingine a zaure, kullum na wuce sai mu haɗa ido.

Na kai maganar majalisarmu, inda ba a taɓa rasa likita ba. Wani malamin sakandare ya ba mu tarihi: a 1747 wani likitan sojan ruwan Birtaniya, James Lind, ya ware matuƙa jirgi 12 masu ciwon nan da ke sa dasashi zubar jini, ya raba su biyu-biyu, kowane rukuni da nasa magani, waɗanda aka bai wa lemun zaƙi da na tsami su ne suka warware. A 1795 rundunar ta fara raba wa sojojinta ruwan lemo, daga baya aka gano bitamin C ne sirrin. Wannan gaskiya ne. Abin da ban tsaya na auna ba shi ne mutanen nan watanni suke yi a teku ba ɗanyen ganye, ni kuwa ruwa mafi girma da na taɓa gani Dam ɗin Tiga ne, kuma kullum da tumatir da zogale a kwanona. Malamin bai rufe baki ba sauran suka karɓe. Wannan ya ce yana narkar da tumbi, wancan ya ce yana haska haƙora, wani ya ce ba turaren hammata irinsa. Har da mai rantsuwa cewa shi ya kore masa korona a 2020, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu hujjar hakan. Na tashi da takardar magani mai tsawo a ka.

Da tumbi na fara, don shi ya fi damuna. Da asuba, ciki ba komai, in matse lemo a ruwan ɗumi in kurɓe ido rufe. An ce rabin ɗaya, amma mai buhu ba ya auna rabi. Ƙwannafi ya fara gaishe ni tun kafin hantsi. Na ƙara da goge baki da lemo da garin gawayi, haƙora suka mutu murus. Na sayi tsire na kasa tauna shi, ina kallo yara suka cinye, har da yi mini sannu. Ƙanena da ke karatun aikin haƙori ya ce tsamin nan asid ne mai suna sitirik, yana tausasa ɓawon haƙori, kuma abin da ya zaizaye ba ya sake tsirowa, don haka in na sha in kurkure da ruwa, kar in sa buroshi nan take. Na tuna masa cewa ni na kai shi firamare. Da yake na koma cin tuwo da fura da duk abin da ba ya son tauna, tumbin ma sai ya samu yadda yake so.

Wajen mai shayi kuwa, na zaro lemona daga aljihu na matsa a shayi mai madara. Nan take ya tsinke ya yi gudaji-gudaji kamar awara. Mai shayi ya ce, "Yallaɓai, ko ka sha ko ba ka sha ba, ka biya."

Na hammata ba zan tsawaita ba. Ranar Juma'a ce, na yi aski irin na sunna da sabuwar reza, na yanka lemo na goga. Maƙwabcinmu ya ɗiro ta katanga da bokitin yashi, a zatonsa tukunyar gas ce ta kama.

Sai babbar magana. An gayyace ni ɗaurin aure a wani ƙauye cikin watan Afrilu, lokacin da rana a Kano ba ta san manya ba. A majalisa an ce lemo na goge baƙin fuska, amma sai an danna ya shiga. Na sa babbar riga, na matse lemo da ɓawonsa a tafin hannun dama har yana gangarowa ta tsakanin yatsu, na manna hannun a kumatun dama, na danna da ƙarfi ina ƙirga. Kafin in juya ɗaya ɓangaren abokan tafiya suka dame ni da hon. Na ɗauki hula na fita a haka. Masallacin ya cika, muka tsaya a fili tun kafin Azahar, waliyyan kuma suka tsaya ja-in-ja kan sadaki har La'asar ta kawo jiki.

Ranar ban ji komai ba. Washegari da yamma kumatun ya fara zafi ya yi ja, kwana ya zagayo ya tashi ƙananan bororo. Da suka faɗa sai ga abin da ya rage: tafin hannu cikakke, baƙi ƙirin, yatsu biyar ba wanda ya ɓace.

A unguwarmu ba a buƙatar rediyo. Mai kanti ya miƙo mini canji yana kallon ƙasa. A masallaci wani dattijo ya riƙe hannuna ya ce, "Haƙuri ake yi, zaman aure duk ɗan haƙuri ne." Na ce lemun tsami ne, ya gyaɗa kai cikin tausayi ya ce, "Haka ne, rufin asiri yana da kyau." A majalisa, waɗanda suka rubuta mini maganin su ne suka fi kowa tambayar me na yi mata.

Labari ya kai wa mahaifiyata Hajiya, ta aiko mu zo mu biyu. Ni ɗan fari ne, ba ta kama sunana. Ta ce, "Kai wannan, matso haske." Ta daɗe tana dubawa, ta yi salati. Uwargida na durƙushe gefe, kai a sunkuye, ta ce, "Hajiya, ni dai a gwada hannun." Gwaggo, wadda ba a shari'a a danginmu sai da ita, ta kama hannunta ta ɗora a kan tabon. Ko rabi bai rufe ba. Ta kuma ja hankalin kotu cewa marin hannun dama a kumatun hagu yake sauka, yarinyar nan kuwa ba bahaguwa ba ce. Sannan ta ce, "Kawo naka." Ya zauna daram, har da ɗan karkacewar ƙaramin yatsana. Ɗakin ya yi tsit. Hajiya ta ce, "To, kai ka mari kanka ke nan?" Uwargida ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa, har yau ta ce kuka take yi.

Likitan fata bai ko yi mamaki ba. Ya juya bayan hannuna, ya nuna mini layukan baƙi inda ruwan ya gangara, ya tambaya ko na taɓa lemun tsami na shiga rana. Ya ce akwai wasu sinadarai a cikinsa, musamman a ɓawon, da ake kira furokumarin, in suna kan fata hasken rana ya same su sai su ƙona wurin, ƙunar ba ta bayyana sai bayan kwana ɗaya ko biyu, tabon kuma yakan ɗauki makonni ko watanni, ya fi daɗewa a baƙar fata. Ya ba ni man shafawa, ya ce in kare wurin daga rana. Ni dai har gobe ina ganin da waliyyan nan sun daidaita da wuri, da ba a kai ga haka ba.

Don bin umarnin likita na ari rawani na ja amawali har hanci. Yanzu ana ce mini ranka ya daɗe a hanya, wani maroƙi ya gane gidana, abin da nake ba shi ya fi kuɗin maganin.

Don haka ina roƙon jama'ar unguwa: ba sarauta aka naɗa ni ba, ba kuma wanda ya mare ni, a daina turo dattawa sulhu. Wanda ya matse lemun tsami kuma, don Allah ya wanke hannu da sabulu kafin ya fita rana.