Masu Sara da Halayensu

A World of Warcraft, wasan da ya fito tun 2004, mutum biyar ke shiga kogo don yaƙar dodanni: mai garkuwa, mai magani, sai mu uku masu sara. Na daɗe ina bugawa a wani shagon kwamfuta a Barnawa, kuma ba irin masu saran da ban gani ba.

Ga Sarkin Awo. Shi ba ruwansa da dodo, idonsa na kan ɗan allon nan mai ƙirga saran kowa. Wuta ta kama ƙasa a ƙarƙashinsa, kowa ya kauce, shi yana nan ƙyam kamar tsofaffin injinan masaƙar Kakuri, wai in ya gusa taku ɗaya makinsa zai ragu. Sai ya mutu. Gawarsa ba ta huce ba ya rubuto: "Mai magani, barci kake yi ne?" A tashe shi, ya sake komawa cikin wutar nan dai. Da ƙyar da jiɓin goshi a kashe babban dodo, kowa ya jigata, sai gogan naka ya manno sakamako: "Jama'a, ku duba wa ya zo na ɗaya." (Ranar da na zo na ɗaya ni ma na ɗauki hoton allon, amma don tarihi ne kawai.)

Ga Gaggawa, mai sakin kibiya tun mai garkuwa bai gyara tsayuwa ba, ya kwaso dodanni ya rugo da su kanmu. Ga ɗan Sabon Tasha da janaretansu ba ya mutuwa sai dodo ya kusa faɗuwa. Ga kuma wanda Mama ke aike sayo gawayi ana tsaka da yaƙi. Wannan kam ba mu da ta cewa, Mama ta fi dodo.

Wanda ke ƙona mini rai shi ne Haɗama. Zobe ya faɗo, wanda mai maganinmu ya kwashe sati yana nema har datarsa ta ƙare. Haɗama bai da abin da zai yi da shi, amma ya danna cewa yana buƙata, ƙuri'a ta faɗa kansa, ya fice ko sai an jima babu. Yaron da ya tashe shi sau huɗu a daren nan ya tashi hannu wofi.

Haɗama, in kana karanta wannan, duk shagon mun riƙe sunanka. Ka nemi wani ayarin.