Yadda Ake Sayen Tsohuwar Takarda da Kuɗin Gida

Idan Allah ya hore maka dukiya har ta fara hana ka barci, ga shawara kyauta: shiga sahun masu tara zanen katun na asali, wato ainihin takardar da mai zane ya ɗora wa alƙalami kafin a kai ta maɗaba'a. Kada ka ce ai littafin Tintin yana nan a shago da araha. Bugagge na kowa ne, kai kuwa wanda ba shi da na biyu kake nema.

Sai ka fara da koyon son datti. Takardar da ta fito fes abin zargi ce. Nemi wadda ke da ragowar shuɗin fensir a ƙarƙashin tawada, da farin fenti inda mai zanen ya ɓata hanci ya sake, da wata 'yar takarda mai ɗauke da maganar jarumi da aka manna da gam har ta yi rawaya. Kuskuren nan shi kake saye. Charles Schulz, mai Peanuts, yakan ninke zanensa biyu kafin ya aika wa masu rarraba wa jaridu, saboda haka idan ka ga layin ninki a tsakiya, yi hamdala. Kul ka bari wani mai son taimako ya sa masa dutsen guga.

Wanda ke ganin wasa ne ya dubi abin da ya faru a Faris a Janairun 2021. Hergé na Beljiyam, mai Tintin, ya zana bangon littafin Le Lotus bleu a 1936, maɗaba'ar ta ce buga shi da launukan nan zai yi tsada, aka ajiye shi gefe. Takardar ta sha ninki, ta kwana a aljihun tebur shekara da shekaru, sannan gidan gwanjon Artcurial ya sayar da ita kusan Yuro miliyan 3.2. Bayan shekara ɗaya, a Amurka, shafi guda na Mike Zeck daga 1984, inda Spider-Man ya sa baƙaƙen kaya, ya tashi dala miliyan 3.36. Shafi guda fa, ko labarin bai ƙare a ciki ba. Alhali a da kamfanoni ne ke riƙe irin waɗannan takardu, wasu su ɓace, wasu a zubar. Mai zane Jack Kirby sai da ya yi ta ja-in-ja da kamfanin Marvel kafin a mayar masa da kaɗan daga cikin nasa a 1987.

Idan wani ya zo maka da Calvin and Hobbes a farashin akuya, ba shi ruwa ya sha, ka raka shi ƙofa. Mai zanensa, Bill Watterson, ya kai akasarin nasa ɗakin adana katun na Billy Ireland da ke Jami'ar Jihar Ohio.

To, ka saya. Yanzu ka yi maƙiya: rana tana cin tawada, damina tana kawo danshi, gara kuma ba ta san Hergé ba. Amma babban maƙiyi shi ne ƙaninka mai shagon kwamfuta, wanda zai ce, "Yaya, kawo in yi maka laminatin ya daɗe." Ranar da ya yi, miliyoyinka sun koma takardar shaidar gama firamare. Sa zanen a jakar da ba ta da asid, ka kulle a duhu, ka rataye hotonsa a falo. Haka ne, ka biya maƙudan kuɗi don ka riƙa kallon kwafi, kamar kowa.

Uwargida za ta tambayi farashi. Ce mata jari ne, ka shiga wata maganar. Kuma ka hanzarta, don yawancin masu zanen yau a allon kwamfuta suke aiki, ba su barin takarda ko ɗaya da za a cuce ka da ita.