'Yan Kar-A-Ba-Ni-Labari

Masu ba da tarihin Daura sun ce da gari ya waye aka iske macijin rijiyar Kusugu a mace, sai Sarauniya Daurama ta sa a nemo wanda ya yi wannan aiki. Kafin Bayajidda, wanda ya kashe shi, ya fito daga gidan tsohuwa Ayana, maza sun cika ƙofar fada, kowa na rantsuwa shi ne, alhali lokacin da aka sare kan macijin minshari suke yi. To, jikokinsu na nan da ransu, ciwon kuma bai warke ba: kada a yi abu a duniya babu su.

Uwar tafiyar ita ce Hajiya Sai-Da-Ni. Ba a fitar da ankon da ba ta ciki, ko da amaryar 'yar ƙanwar kishiyar maƙwabciya ce. Asabar ɗaya tana da kamu a cikin gari, yini a Mai'adua, walima a Katsina. Ko'ina ba ta bari tabarma ta yi ɗumi. Ta shiga hoto, ta karɓi robar da ake rabawa, ta gyara ɗauri ta ce, "Wallahi Yaya sauri nake, ana jirana." Shinkafar gida uku na cikin jakarta, amma tun kokon safe ba ta sa komai a ciki ba. Kwasar adashenta kuwa tela ya cinye tun ba ta zo hannu ba. Da likita ya ce gyambon ciki ne da hawan jini, sai ta kwanta mako guda, ba ta tambayi magani ba. Cewa ta yi, "Likita, har da jibi? Akwai suna fa."

Sai ɗan mainin, wanda shi ba ya zuwa ko'ina, yatsansa ne ke yawo. Tun da ya ji wasu sun kwashi rabonsu a Notcoin a 2024 ya yi sallama da barci. Waya uku gare shi, har da ta mahaifiyarsa, kuma mai caji ya fi matarsa sanin inda yake. Liman na yin sallama hannunsa na cikin aljihu. Da Hamster Kombat ta fashe a watan Satumba na shekarar, abin da ya samu bai mayar masa da kuɗin data ba. Ya yi kwana biyu yana tsine mata, a na uku ya ji an kawo sabuwa.

Akwai na Sallar Gani, wanda zai kwana yana neman wuri a gaba, amma da laimar Sarkin Daura Umar Faruk Umar ta ƙaraso sai ya juya mata ƙeya don ya ɗauki kansa hoto. Yayansa shi ne wanda a zamanin mulkin marigayi Buhari yake shanya kansa a rana duk Babbar Sallah, ya hango baƙin gilashin mota, ya dawo ya ce, "Mun gaisa da Baba."

Ni dai wanda ya fi ba ni tausayi shi ne Malam Me-Aka-Ce na teburin mai shayi. Ba anko, ba waya, ba riba. Tsoronsa ɗaya, kada ya tashi a ɓaro labari, ko kuma a ɓaro nasa. Sai ya zauna da rabin kofi da ya huce, yana hamma yana cewa "Allah sarki" ga maganar da bai ji farkonta ba, har mai shayi ya kife tukunya ya ce, "Malam, bencin nake jira." Yaransa sun fi sanin tarinsa a zaure da tsakar dare fiye da fuskarsa.

Da safe kuma acaɓa yake yi. In ka hau bayansa ka ga kansa na sunkuyawa a hankali, ka ce ya tsaya, ka ƙarasa da ƙafa.