Zuwa Ga Bawana Babarbare Mai Susa A Ƙarƙashin Babbar Riga

Zanna, ubangidanka na gaishe ka. Na san za ka ɗaga hanci ka ce wane ne ubangidan, to ka je ka tambayi dattawan Yerwa su wa suka shiga Birnin Ngazargamu a 1808. Kada ma ka kawo mini zancen Shehu Laminu da abin da ya biyo baya. Wannan fili nawa ne, inda na ga dama nan tarihi yake tsayawa.

Labari ya iso mana har ruga cewa kwanan nan ba ka iya zama wuri ɗaya a majalisa. An ce kana cikin ba da labarin jarumtar kakanninka sai a ga hannu ya ɓace cikin aljihun babbar riga, ya daɗe bai fito ba, ga shi kuma ba kuɗi yake fitowa da su ba. Wanda ya tsegunta mini ya rantse ya ga abin da idonsa ranar da kuka kwana ɗaki ɗaya wajen ɗaurin aure: wani tabo mai faɗi, ya fi sauran fatarka duhu, ya shimfiɗu a hammata, wani a matsematsi, sannan tsakanin ƙaramin yatsan ƙafarka da na kusa da shi ya yi fari fat ya jiƙe yana saɓa. Ya ce ka roƙe shi ya rufa maka asiri. Ya rufa kuwa, ni kaɗai ya gaya wa, ni kuma ga shi masu karatu kaɗai nake gaya wa.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne bayanin da aka ce kana yi. Da farko ka ce ƙyasbi ne. Da bai tafi ba ka ce makero ne. Da man kemis ya ƙare tabo yana nan, sai ka fara zargin kindirmon da wata 'yar Fillo ta sayar maka, wai an yi maka sammu a cikin ƙwarya. Haba Zanna! Wa zai ɓata maganinsa a kan bawansa? In ka kwanta ciwo wa zai ɗauko mana ruwa?

Zauna in karantar da kai, tunda Allah Ya sa ubangidanka ya yi boko. Siffar da aka ba ni ta yi kama da ciwon fatar da likitoci ke kira eritirasma. Na ce ta yi kama, domin ba a duba mara lafiya ta jarida, likita ne zai tabbatar. Wata ƙwayar bakteriya ce ke kawo shi, sunanta Corynebacterium minutissimum, kuma ba baƙuwa ba ce. Tana zaune a fatar mutane da yawa ba ta damun kowa, ciki har da masu wanka sau uku a rana. Sai ta sami wuri mai ɗumi, mai laima, wanda iska ba ta shiga, fata na gogar fata, sannan take yaɗuwa a saman fatar, can bisa inda matattun ƙwayoyin fata suke. Shi ya sa ba ta bin goshi ko gadon baya, lungu take nema: hammata, matsematsi, tsakanin ɗuwawu, ƙarƙashin nono ga mata, ƙarƙashin tumbi ga masu irin naka, da kuma tsakanin yatsun ƙafa, wanda nan ne ma ta fi yawan zama.

A jikin Bature tabon yakan fara da ja-ja kafin ya koma ruwan ƙasa. A jikin irinmu duhu kawai yake ƙarawa, yana da iyaka a fili, samansa ya ɗan yamutse kamar ɓawon albasa, da ɗan garin saɓa mai laushi. Ƙaiƙayinsa ba mai tsanani ba ne, wasu ma ba sa jin komai, shi ya sa mutum zai yi watanni ko shekaru yana yawo da shi. Makeron matsematsi kuwa bakinsa yakan ɗago ya yi da'ira, tsakiyarsa ta washe, ga ƙaiƙayin da zai sa dattijo ya manta girmansa a bainar jama'a. Shi kuma ƙyasbi ƙirji da baya da wuya ya fi so. Waɗannan biyun naman gwari ne ke kawo su, eritirasma kuma bakteriya, don haka maganinsu ba lallai ya zo ɗaya ba.

Kada ka ji kunyar ruɗewar da ka yi, manyanka ma sun ruɗe. Wani likita Bajamushe mai suna Burchardt ne ya fara bayyana ciwon a 1859, von Bärensprung ya raɗa masa suna a 1862, kuma dukkansu sun ɗauka naman gwari ne. Haka aka yi ta tafiya kimanin shekara ɗari, sai a 1961 Sarkany da abokan aikinsa Taplin da Blank suka nuna cewa bakteriya ce. Idan Jamusawa masu madubin likita sun yi ƙarni guda suna ɓata, Babarbaren da madubinsa na gyara hula ne kawai ai sai a yi masa uzuri.

Yanzu ka duba rayuwarka ka gaya mini ko akwai ƙwayar cutar da ta taɓa samun mai masauki irinka. A watan Afirilu, lokacin da zafin Maiduguri ke haura maki 40, kowane mai hankali yana neman yadi mara nauyi. Kai kuwa sai ka sa singileti na roba, ka ɗora 'yar ciki, ka ɗora jamfa, ka kawo shadda mai sitaci wadda ko iskar hunturu ba ta ratsa ta ka lulluɓe, don kada a ce Zanna ya fito ba cika ido. Ƙafa kuma ga safa ga takalmi sau-ciki tun hantsi. Idan zufa ta fara tsami, maimakon ruwa da tawul sai ka kira a kawo kasko, ka tsuguna a kan turaren wuta, ka ƙara wa wurin ɗumi, ka bi da humra. Na yarda duk ƙasar nan babu mai turare kamar naku, ko matanmu daga wajenku suke saro shi. Amma ƙwayar nan ba ta da hanci, Zanna. Mu ƙamshin yake ruɗa, ita tana ciki tana kiwo.

Sai zancen alwala, kuma a nan ba wasa nake ba. Sau biyar a rana muna tsettsefe yatsun ƙafa, haka aka koya mana, haka kuma ya dace. Matsalar ita ce abin da ke biyo baya: mutum ya tashi daga bakin famfo ya zura jiƙaƙƙiyar ƙafa cikin safa, ya rufe da takalmi, ruwan azahar bai bushe ba na la'asar ya iske shi. Abin da muke kira cin ruwa ke nan, wanda sau da yawa naman gwari da wannan bakteriya suke haɗuwa su yi shi tare. Ku da kuke taƙama da gwanayen Alƙur'ani, je ka tambayi Gonin unguwarku, zai gaya maka malaman Malikiyya ba su hana goge ruwan alwala ba. Ɗan hankici na musamman a aljihu, a bi tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, ya isa. Kafin ka ce na cika baki, na sani yaranmu masu bin shanu da takalmin roba cikin damina su ma cin ruwa na cin su. Bambancin shi ne mu ba mu da ninkin ciki da za mu ba ƙwayar ɗaki na biyu.

An ce ka sayi irin man shafawar nan na kemis mai haɗi uku, wanda yaron shago ke miƙo wa duk wanda ya ce ƙaiƙayi. Ka ajiye shi. Yawancinsu suna ɗauke da sinadarin sitiroyid mai ƙarfi, irin wanda ke cikin man bilicin. Kwana biyu zai kwantar maka da susa ka ce ka warke, alhali garkuwar fatar wurin yake raunanawa. Fatar matsematsi da hammata dama siririya ce, tana shan magani fiye da ta sauran jiki, idan aka daɗe ana shafawa sai ta ƙara sirancewa, nankarwa ta fito, wadda kuma ba ta komawa. Ban ma so in yarda da abin da aka ƙara mini ba, wai wani makanike abokinka ya ba ka shawarar man birki. Idan gaskiya ne, to ka tuna kai ba akori-kura ba ne. Man birki, da lemon tsami da kanwa, da dakakkiyar tafarnuwa, duk ƙona fata suke yi, su buɗe wa wasu cututtukan ƙofa.

Abin yi mai sauƙi ne, sai dai yana buƙatar abin da ka rasa, wato cire riga a gaban likita. Shekara da shekaru kuna yi mana gorin kunya, wai Bafulatani ba ya iya kiran sunan ɗan farinsa. To mu dai kunyarmu ba ta taɓa hana mu nuna wa mai magani inda ke ciwo ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri a garinku, ka je ka nemi likitan fata.

Akwai wani gwaji da na so a ce ina wurin ranar da za a yi maka. Za a shigar da kai ɗaki mai duhu, a haska wurin da wata fitila mai shuɗin haske, fitilar Wood, wadda ta samo sunanta daga masanin kimiyyar nan Ba'amurke Robert Wood da ya ƙirƙiro gilashinta a 1903. Idan eritirasma ce, tabon zai yi haske ja irin na murjani, saboda wani sinadari da ƙwayar ke fitarwa, dangin fofirin. Ka ga hammatar bawana tana ƙyalli cikin duhu! Amma ka kiyaye, sinadarin nan ruwa na wanke shi, don haka idan ka dirje wurin da soso da sabulu kafin ka tafi, fitila ba za ta nuna komai ba. Wannan ne karo na farko a tarihi da za a roƙi Babarbare kada ya yi wanka, na kuma san ba za ka sha wahalar bin umarnin ba. Idan babu fitilar, likita zai iya kankarar ɗan saɓar ya duba a madubi, ya ga ko akwai naman gwari a haɗe.

Maganin ba na sayar da gona ba ne. Idan wurin kaɗan ne, man shafawa mai kashe bakteriya ya isa, irin su fusidik asid ko kilindamaisin ko eritiromaisin, safe da yamma kamar mako biyu. Idan ya bazu, akan ba da na sha: eritiromaisin na kwana 14, ko kilaritiromaisin giram ɗaya a sha sau ɗaya tak. Na faɗa maka sunayen ne don ka gane abin da aka rubuta maka, ba don ka aiki yaro kasuwa ba. Kilaritiromaisin ba ya jituwa da wasu magungunan rage kitsen jini da na zuciya, kuma mutum mai shekarunka da ƙyar a rasa ɗaya daga cikinsu a aljihunsa. Ka gaya wa likita duk abin da kake sha. Sannan kada ka ga duhun bai washe ba bayan magani ka ce an cuce ka. Ƙwayar takan mutu ta bar tabon, shi kuma sai ya ɗauki makonni ko watanni kafin launi ya daidaita.

Kuma tana dawowa, wannan ka sa a ranka, muddin ta tarar da masaukinta yadda ta bar shi. Bayan wanka ka tsaya ka goge kowane lungu har ya bushe kafin ka sa tufa. Kayan ciki su zama na auduga, a canza kullum, a shanya su a rana ba a bayan ƙofar banɗaki ba. A gida ka saki ƙafarka cikin silifa ta sha iska, takalmin fita kuma ka riƙa hutar da shi. Tawul ɗinka naka ne kai kaɗai, duk da cewa ciwon ba mai saurin yaɗuwa ba ne. Ka kuma isar wa uwargida saƙona, tunda an ce ta fara yi maka kallon tuhuma saboda wurin da abin ya fito: ba ciwon sanyi ba ne, ba kuma ta hanyar neman mata ake ɗaukarsa ba. Ni shaida ne, ko ka nema ma ba mai kula ka.

Saura magana ɗaya, ita ce ma ta sa na ɗauki alƙalami. Eritirasma da ta bazu wurare da yawa, ko take tafiya tana dawowa, tana yawan zuwa tare da ciwon suga, wani lokaci ma ita ce alamar farko da ake gani kafin mutum ya san yana da shi. Na san yadda kake shan shayi, sukari ne ake ɗiga wa ruwan ganye. Na san burabuskon dare da danderun da ke bin bayansa, na kuma ji an ce kana tashi fitsari fiye da yadda ka saba. Don haka ranar da za ka je, ka fita da sassafe ba ka karya ba, ka ce a auna maka suga a jini tun kafin a zo maganar hammata. Takardar sakamakon ka aiko mini da ita tare da harajin bana, kwalbar humra biyu da busasshen kifin Baga, kada kuma ka sake turo mini ƙanana irin na bara.