Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Baba Disket

Daga Galadi,
Ƙaramar Hukumar Shinkafi,
Jihar Zamfara.

Baba, ina fata kana hutawa lafiya a gindin akwatin da aka ajiye ka tare da tsofaffin kaset. Yaya zafi, yaya ƙura? Na san kai da su ba kwa ga maciji, balle a ce mayen ƙarfe ya gifta kusa da kai.

Dalilin rubuto maka wannan wasiƙa shi ne, an daɗe ana cin namanka a bayan idonka, na ga ya dace a yi shari'ar kana ji.

Ga ƙarar da aka shigar. A ƙarshen shekarun 1990, ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kaura Namoda zai kai kundin kammala karatunsa shagon kwamfuta a buga masa. Sai a ɗura aikin a cikinka, ya sa ka a aljihun gaba, ya hau mota zuwa Gusau neman firinta mai kyau. Da an zura ka, sai kwamfutar can ta yi ta gurnani, daga bisani ta ce ba ta san ka ba, har ta nemi izinin wanke ka tas. Mai shago ya ɗaga kai ya ce, "Malam, abin nan fa ba ya buɗewa." Aikin wata da watanni ke nan, ga kuɗin mota.

To amma Baba, na bi asalinka, na ga ba duka laifin ne naka ba. Kamfanin IBM ya fito da kakanku mai faɗin inci 8 a 1971. Shugart ya kawo mai inci 5 da kwata a 1976, kai kuma mai inci 3 da rabi Sony ne ya haife ka a farkon shekarun 1980. Daga nan kowane kamfani ya sassaƙa mudunsa, kamar a je kasuwar Shinkafi a tarar kowane mai awo da irin tiyarsa. Faifai ɗaya ne, amma kwamfuta irin ta IBM ta auna masa kilobayit 720, Macintosh ta auna 800, Amiga ta ce 880. Macintosh har saurin juya ka take canjawa tana cikin rubutu, shi ya sa sauran ba sa iya karanta hannunta. Sai a 1988 Apple ya sauko, ya yi na'urar da ke gane rubutun IBM.

Mu nan a lokacin yawancin kwamfutocinmu dangin IBM ne, don haka rigimarmu ta manhaja ce. Wannan shago WordPerfect, wancan Word. Ko a gidan Word ɗin ma, abin da Word 97 ya rubuta, yayyensa ba sa buɗewa sai an nemo musu tafinta.

Mu masu rubutu da Hausa kuwa namu ya fi na kowa. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro zubin haruffa masu lanƙwasa, Rabi'at da Abdalla, aka samu sauƙi. Sai dai in kwamfutar da aka kai ka ba ta da su, duk wata ƙ da ɗ da ɓ sai ta rikiɗe ta koma wata alama da ba a san kanta ba. Kai dai abin da aka ba ka shi ka kai.

Naka laifin guda biyu ne. Cikinka ƙarami, ko bayan an faɗaɗa shi megabayit 1.44 ne, hoto ɗaya na wayar yau ma ya fi ƙarfinka. Sannan ba ka ƙin baƙo: duk cutar kwamfutar da ka samu a Kaura sai ka raka ta har Gusau.

Duk da haka ka yi tsawon rai. Apple ya sallame ka a 1998 da ya fito da iMac, Sony ya daina ƙera ka a 2011, amma gwamnatin Japan ba ta rabu da kai ba sai 2024. Har gobe hotonka yara ke dannawa in za su adana aiki, ba su ma san kai ne ba.

Hukuncina ke nan: an wanke ka daga babbar tuhuma, kamfanonin da suka ƙi haɗa kai su ne da alhaki. Masu karatu kuma, duk mai tsohon disket da ke ɗauke da kundi ko tarihin gida, ya nemi na'urar karanta shi mai shiga kafar USB ya kwafe tun bai mutu ba. In da Hausa ne, a sake buga haruffan da tsarin Unicode, wanda kowace waya da kwamfuta ke ganewa.

Wassalam. Ka huta lafiya.

Naka,
Wani tsohon ɗalibi daga Galadi.