Ƙanena Mashayi

Shekara goma sha ɗaya na yi ina shan giya a ɓoye, kuma duk Madawa ni kaɗai ne ban san an sani ba.

Dabarata albasa ce. Wanda ke maƙwabtaka da Galmi ai ba ya rasa ta. Kafin in shiga gida sai in tauna rabin ɗanya, in bi da goro, ina tafe ina hawaye ina yaba wa kaina wayo. Uwargida ta taɓa ce mini, "Maigida, wai yanzu miya kuke koyarwa a lakwal ɗin naku?" Na yi dariya, ban gane magana ce aka jefa mini ba. In albashi ya shigo kuwa sai in hau mota zuwa Ƙonni, kusan kilomita 90, wai don kada idon sani ya gan ni da kwalba. In dawo da dare ina layi, a motar da direbanta uban ɗalibina ne.

Tuba kam na yi ta ba adadi. Ta ƙarshe da na yi ni kaɗai, a rana ta uku alli ya faɗi daga hannuna a gaban yara saboda karkarwa. Na je wajen wani ma'aikacin lafiya, na zauna na gyara hula, na ce ƙanena ne ke da matsalar sha. Ya dubi hannuna, ya ce in gaya wa ƙanen nawa wanda ya daɗe yana sha kullum ba ya yankewa farat ɗaya ba tare da likita ba, don karkarwar tana iya kai wa ga suma da fizge-fizge da ruɗewa, har ta yi kisa. Ya ba ni magani in kai masa. Ya ƙara da cewa magani zai tsayar da rawar hannu, amma ba zai zauna hira da shi bayan isha'i ba, sai ya nemi irinsa waɗanda suka bari.

A waya na fara nema. Can na ga labarin Alcoholics Anonymous, wadda mashaya biyu, Bill Wilson da likita Bob Smith, suka fara a 1935 a garin Akron na Amurka, bayan sun gano cewa ranar da suka zauna suka faɗa wa juna gaskiya ba sa sha. Ba kuɗin shiga, ba alƙawarin har abada, na yau kawai ake ɗauka. Suna da matakai 12, amma ni ba su suka burge ni ba. Abin da ya ja ni shi ne ba a faɗin cikakken suna. To, a Madawa? Garin da in ka yi tari a tasha sai a yi maka sannu a kasuwa? Ni ƙungiya nake so a Yamai, ko ma Faransa, inda zan warke a ɓoye kamar yadda na yi ciwon. Haka na yi ta yawo da ƙanen nan, har wajen liman na kai shi a saka shi a addu'a.

Wani dare wani tsohon direba, wanda ya yi shekaru yana kai albasa Abijan, ya kira ni daga fadarsa da sunan da ake kiran malaman lakwal. "Mushe, zo ka sha na biyu." Su huɗu ne a tabarma, butar shayi na kan gawayi. Ya miƙo mini kofi, bai ko dube ni ba ya ce, "Ƙanen nan naka, ka ce masa kullum muna nan bayan isha'i. Ni shekarata tara rabona da ita." Dattijon nan ya san gidanmu tun ina goye. Ya san ƙannena duka mata ne.

Ba su da allo, ba su da suna. Akwai tela da ya rabu da tramol, akwai mai gyaran babur. Doka biyu ce: abin da aka faɗa a tabarma a nan yake kwana, kuma in ƙishin ya taso ka yi wa ɗaya bip ko ƙarfe nawa ne. Sai da na yi sati uku ina shan shayinsu kafin bakina ya iya cewa "ni ne". Telan ya ce, "Madalla, mun gaji da gaida ƙanen."

A wata na huɗu na zame. Na zo fada ina warin albasa, ina jiran wa'azi. Dattijon ya matsa mini wuri kawai, ya ce a sake lissafi daga ɗaya. Wannan ya fi mari zafi.

Yau kwana 214. Har yanzu ta lungun baya nake zuwa, ina waige-waige, ko da yake mai shagon bakin lungun kan ɗaga murya ya ce, "Mushe, sun riga sun ɗora na farko." In kai ma kana da ƙane irin nawa, ka fara kai shi likita, sannan ka nema masa tabarma.