Kada Ka Binne Ta, Malam

Bazamfare in ka miƙa masa tsiro, kafin ka rufe baki ya tona rami. Haka muka tashi daga Kaura Namoda har Shinkafi da Zurmi: duk abin da ya yi ganye, ƙasa ce makwancinsa. To ga shawarar farko ga wanda ya sayi akwatin gilashi ya zuba kifin ado, yana kuma son ya ga kore a ciki: hannun noman nan, a sa shi aljihu.

Tsiron da ya fi jure wa ɗan koyo shi ne Anubias. 'Yar gida ce, daga rafukan kurmin kudancin Najeriya da Kamaru. Nau'in da ake kira barteri ya ci sunan Charles Barter, masanin tsirran da ya bi tawagar Baikie a kogin Kwara, ya rasu a 1859. Ta zaga duniya ta yi suna, yau sai ka yi odarta daga Legas ko Abuja ta iso maka a mota cikin leda. Ka duba gindinta da kyau. Akwai wani kara mai kauri a kwance, kamar citta, ganye na fita ta sama, saiwa ta ƙasa. Ran tsiron yana nan. Ka rufe shi da yashi, ya ruɓe, ganye su yi ta zuba ɗaya bayan ɗaya kana zargin maƙwabta da baki. A rafinsu jikin dutse da ice take kamawa, abincinta kuma daga ruwa take sha. Ba kauci ba ce, ba ta cin komai a jikin icen, wurin zama kawai take nema.

Sai zaɓen ice, kuma nan nake so a nutsu. Kada ka kusanci aduwa, ɓawonta da 'ya'yanta suna kashe kifi. Tinya ma da ita ake sa wa kifi guba. Tumfafiya kuwa, wannan farin nonon nata ya ishe ka gargaɗi. Nemi busasshen reshen gwaba, ko icen da ruwa ya daɗe yana wankewa har ɓawo ya fita, irin wanda kogunan Gagare da Bunsuru ke bari kan yashi in rani ya yi. A bakin gari za ka tsinta, don Allah. Da halin da dajinmu ke ciki, babu icen da ya kai a shiga daji dominsa.

Ka kankare icen, ka tafasa awa ɗaya ko biyu, bayan ka roƙi uwargida tsohuwar tukunya da ladabi. Sannan ka jiƙa shi a bokiti kana sauya ruwa har jan ruwan ya ragu, icen kuma ya daina tasowa sama.

Ɗaurin ba wuya. Zaren auduga baƙi, wanda za ka samu wurin kowane tela ko a kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, ka zagaya shi kan karan da icen sau uku ko huɗu. Ba damin gero kake ɗaurewa ba, ka sassauta. Kafin zaren ya ruɓe saiwa ta kama. Mai gaggawa ya ɗiga sufa-gulu ɗigo biyu a kan saiwa ya danna na ɗan lokaci, in ya bushe ba ya cutar da kifi.

Daga nan sai haƙuri. Ganye ɗaya kan ɗauki makonni kafin ya fito, kuma ɗaga icen kowace safiya don a ga ko ta kama shi ke hana ta kamawa. Kada ka zuba mata takin gona, kashin kifin ya wadatar. Kada ka kai ta rana wai ta ji daɗi, 'yar inuwa ce, hasken ƙwan sola na awa 6 zuwa 8 ya isa, in ya wuce haka gansakuka ta rufe ganyen. Kainuwa biyu a saman ruwan za su yi mata rumfa, amma ka riƙa ragewa, don ba ta san iyaka ba.

Babban abokin gaba shi ne bazara. Anubias ta fi son ruwa mai ma'aunin zafi 22 zuwa 28, mu kuwa a Afrilu zafinmu kan haura 40. Ka kai akwatin ɗakin da ya fi sanyi, ka buɗe murfi, fanka ta riƙa kaɗa saman ruwan, da azahar ka jefa ledar ƙanƙara ɗaya ba tare da ka fasa ta ba. Duk mako ka kwashe rubu'in ruwan ka zuba sabo wanda ya kwana.

Kifi kuwa, a tsaya kan ƙananan na ado. Tarwaɗa za ta birkice maka ice da yashi a dare ɗaya. Kuma ranar da Kawu ya shigo ya leƙa gilashin ya tambaye ka yaushe za su isa miya, ka ba shi kujera, ka nuna masa sabuwar saiwar da ta kama icen, sannan ka aika yaro ya sayo masa soyayyen kifi a tasha.